Yadda za ka zaɓi gitar bas ta biyu idan metal kake bugawa

Tun ranar da na sa hoton sabon bas ɗina a WhatsApp saƙonni ba su tsaya ba, daga nan Garwa, daga Marwa, har da wani ƙanena a Kusiri, tambaya ɗaya ce suke juyawa: babban yaya na gaji da wannan bas ɗin koyo, wanne zan saya in ina son metal? To ga amsa sau ɗaya, kowa ya ɗauki nasa. (Bas na kiɗa fa, ba na ajans ba, don akwai wanda ya taɓa tambayata ko na fara lodin fasinja ne.) Ku bi matakan a jere, jerin ne maganar, yawancinmu daga mataki na biyar muke farawa shi ya sa muke shan wuya.

1. Fara sanin inda za ka ɗaure tsirkiyarka

Kafin ka kalli suna ko launi, zauna da mai gitar ƙungiyarku ka tambaye shi a ina yake ɗaure tasa. Bas mai tsirkiya 4 ɗaurinsa na asali E A D G ne, wato sunayen muryoyin tsirkiyoyin daga babba zuwa siririya. In abin da kuke bugawa tsohon metal ne irin na shekarun 1980, a nan za ka zauna ko ka sauke babbar zuwa D, kuma tsirkiya 4 ta ishe ka har ka tsufa. Amma in mai gitarku ya sauka zuwa C ko B, ko yana riƙe da gita mai tsirkiya 7, to maganar ta canza, kana buƙatar B ta ƙasa, ko dai bas mai tsirkiya 5 wato B E A D G, ko dabarar da zan faɗa a mataki na 2.

Kuskuren da na fi gani: yaro ya ɗauki bas mai tsirkiyar 45 zuwa 105 (lambar kauri ke nan, daga siririya zuwa babba) ya yi ta sassautawa har C, tsirkiya ta zama kamar igiyar shanya, kana taɓawa tana dukan firet, wato ƙarafan da ke jere a kan wuya, tana kaɗawa, sautin ya zama kunu. Sai ya ce bas ɗin ne ba shi da kyau. Ba bas ba ne, kai ne ka sa masa abin da ba zai ɗauka ba.

2. Tsawo, da maganar 4 ko 5

Nan zan daɗe don nan kuɗin mutane ke nutsewa. Tsawon da ake nufi shi ne daga ɗan jakin da ke saman wuya zuwa jakin da ke ƙasan jiki, inda tsirkiya ke kaɗawa ke nan. Yawancin bas inci 34 ne, santimita 86 da 'yan kai. Akwai gajeru masu inci 30, waɗannan ka bar su, ba na aikinmu ba ne. Akwai masu inci 35 kamar Ibanez BTB, kuma wannan inci ɗayan da kake rainawa shi ke sa B ta tsaya da ƙafarta. Akwai kuma masu firet a karkace kamar Dingwall, ɓangaren B inci 37 ɓangaren G inci 34, 'yan metal na zamani suna mutuwa a kansu, amma sabo ya haura euro 2,000, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 300 tun kafin duwan, wato kwastan, su gan shi, in kana da wannan kuɗin ba ni za ka tambaya ba.

Shin mai inci 34 ba ya iya B? Yana iyawa, in wuyan mai ƙarfi ne kuma ka sa tsirkiya mai kauri 130 ko 135. Abin da ba ya yiwuwa shi ne bas mai 5 na araha can ƙasa. E ta ƙasa tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, B kuwa wajen sau 31, duk wani rauni a wuya ko a jaki a kanta yake fara fitowa. Ni dai a ganina bas mai 4 mai kyau ya fi mai 5 na banza sau goma.

Ga dabarar talaka: ka sayi bas mai 4 mai kyau, ka sayi saitin tsirkiya na mai 5, ka ajiye siririyar G a aljihu, ka ɗaure sauran B E A D. A metal sau nawa kake taɓa G ɗin ma? Sai dai a kula: ramukan ɗan jakin sama sai an ɗan faɗaɗa su da ƙaramin zarto mai zagaye kafin tsirkiya mai kauri ta zauna, kuma faɗi ake ƙarawa, ba zurfi ba. In ka zurfafa, tsirkiya za ta kwanta kan firet na farko tana zizara, sai an canza jakin gaba ɗaya. Kada ka tura ta da ƙarfi kuma, jakin roba ne yawanci, tsagewa yake.

3. Mikoro: da batir ko babu

Mikoro ɗin da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda 'yan Najeriya ke cewa pikof, iri uku za ka fi haɗuwa da su. Na P, mai gida biyu a goce, irin na Fender Precision da ke kasuwa tun 1951, sautinsa na tsakiya ne mai naushi, ba ya ɗaukar ƙugin wuta. Na J, sirara biyu, irin na Jazz Bass, suna da haske da kaifi amma in ka buɗe ɗaya kaɗai sai ka ji zuuu, ballantana a ɗakunanmu da yawanci ba wayar ƙasa a jikin soket. Sai manya masu kama da sabulu, su ne a yawancin bas ɗin da ake yi wa tallan metal, ba ƙugi, ga ƙarfi.

Sannan akwai mai batir da marar batir. Mai batir yana da 'yar na'ura a ciki da ke cin batir mai 9V, tana ba ka damar ƙara sautin ƙasa, na tsakiya da na sama daga jikin bas ɗin. Music Man StingRay da ya fito a 1976 na cikin waɗanda suka yaɗa wannan. Yana da daɗi wallahi, in gita biyu suna ruri da distoshon, wato sautin nan mai gurnani da ake ƙazantawa da gangan, kana iya tura tsakiya ka fito fili. Amma kada wani ya ce maka sai mai batir ake metal da shi, Steve Harris na Iron Maiden da Precision marar batir ya yi shekara da shekaru.

Gargaɗi a nan: in mai batir ne, muddin kebur na cikin ramin to yana cin batir ko ba ka bugawa, ka riƙa zarewa. Kuma batir in ya fara mutuwa ba ya sallama, sauti ne zai fara tsagewa yana raguwa. Ni ya taɓa mutu min a tsakiyar wasa, na aiki yaro a moto ya zaga shaguna da dare ya dawo min da wani batir da bai kai mu ƙarshen waƙa ta uku ba. Tun ranar biyu nake ajiyewa a jaka. In ka samu mai makunnin da ke juyawa tsakanin batir da babu batir, kamar Yamaha TRBX504 da 505, ka ba shi fifiko, a garuruwanmu wannan makunnin ya fi ado amfani.

4. Lissafin kuɗi, kafin ido ya rufe

Sefa 655.957 ne euro ɗaya, ba ya motsi, saboda haka lissafin kayan Turai ba wuya. Bas ɗin da ya cancanci a kira shi ci gaba a kan na koyo, irin su Ibanez SR300E da SR305E, Yamaha TRBX304 da 305, Sterling Ray4 da Ray5, Squier Classic Vibe, sababbi a Turai suna yawo ne wajen euro 350 zuwa 500. Ɗauki euro 400, sefa dubu 262 ke nan da 'yan canji. Yanzu ɗora kuɗin jirgi, ɗora duwan, ɗora harajin TVA, kashi 19.25 cikin 100 a Kamaru. Farashin da ka gani a intanet ba shi ne farashin da zai shigo ɗakinka ba, kada ka yi wa kanka alkawari da shi.

Kuma kada ka zuba duka a jikin bas. Ni shawarata ka ware kashi ɗaya cikin biyar don tsirkiya sabuwa, jaka mai kauri, maɗauri mai faɗi da kebur na kirki. Saitin tsirkiya mai kyau a Turai euro 20 zuwa 40 ne, sefa dubu 13 zuwa 26, kuma a nan arewa samun mai kaurin 130 sai an aika Duwala ko Yawunde, don haka in ka samu hanya sayi biyu.

Na hannu shi ne hanyar yawancinmu, kuma ba abin kunya ba ne. A yankinmu bas yana zagayawa ne ta hannun 'yan kwaya na coci da makaɗan kabare, in coci ta sayi sabbin kaya tsofaffin sukan fita da sauƙi. Sa kunne a can. Bas ɗin da ya yi shekaru yana rakiyar waƙar yabo in ka sa masa tsirkiyar ƙarfe sabuwa ka ba shi distoshon, ba ya tambayarka addini.

Hattara da jabu: in ka ga an rubuta Fender ko Music Man a kai ana ce maka sefa dubu 80, suna ne kawai aka manna. Gara Cort ko Squier ko Harley Benton na gaskiya da Fender na ƙarya.

5. Gwaji da hannu

Yanzu ne za ka taɓa kaya. Tafi da maɗaurinka, keburinka, batir sabo, da abin saita murya ko da na waya ne. Kada ka je da yamma ana sauri.

Fara ba tare da ka jona ampili ba. Eh, a bushe. Ɗaure shi daidai inda za ka riƙa bugawa, ba inda mai sayarwa ya bar shi ba, ka bugi babbar tsirkiya ka manna kunne a jikin katakon. In tana da rai za ka ji ta daɗe tana tafiya kuma muryar a fili take, in ta mutu nan take ko ba ka iya bambanta B da C to ampili ba zai gyara ba, ƙara shi zai yi.

Sai wuya. Ɗaga bas ɗin kamar mai saita bindiga, ka leƙa daga kai zuwa jiki ta gefen hagu sannan ta gefen dama. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne. Abin gudu shi ne murɗewa, gefe ɗaya ya lanƙwasa ɗayan ya miƙe, kamar ƙyauren da ruwa ya daka. Wannan ba ya gyaruwa a nan, ajiye ka yi sallama. Bas ɗina na biyu haka yake, baƙi ne mai ƙahonni masu tsini, na gan shi a hoto zuciyata ta tafi, na biya wani mutum ban leƙa wuyan ba. Wata uku ina fama, in na gyara E sai G ta kwanta, in na ɗaga G sai E ta yi sama har yatsa na shiga ƙarƙashinta. A ƙarshe bango ya hau, yana can yana yi wa ɗaki kwalliya.

Danne babbar tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko 8. Kamar kaurin katin gayyatar biki ya kamata ta kasance. Sannan, wannan ne mutane ke jin nauyin yi, ka roƙi mai shi ya bari a gwada ƙarfen cikin wuya, wanda ake saita lanƙwasar wuyan da shi, da makullin alan, a juya kaɗan a mayar. In ba ya motsi, ko yana juyawa fayau ba ya kama komai, ko bakin ya cinye, bar shi ko nawa aka rage maka. A ƙasar da hunturu ke busar da katako damina ta kumbura shi, bas ɗin da ƙarfen wuyansa ya mutu gawa ne. Amma kada ka juya fiye da kwata a lokaci ɗaya, kuma in ya yi tauri kada ka yi masa ƙarfi, in ya karye a hannunka ka saya.

Bi kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, ko mai kaya zai yi tsaki. Saurari zizara, saurari wurin da sauti ke mutuwa da wuri, an fi samunsa a G tsakanin firet na 5 da na 7. Shafa hannu a gefen wuya: in bakin firet yana yankarka, katako ne ya tsuke saboda bushewa, a nan ruwan dare ne, ana gogewa da ƙaramin zarto, ba dalilin fasa ciniki ba ne amma dalilin neman ragi ne.

Rataya shi ka miƙe tsaye ka saki hannu. In kai ya sunkuya ƙasa to hannun hagunka zai zama ɗan dako, kuma masu siffar tsini-tsini da irin su Thunderbird an san su da wannan hali. Nauyi wajen kilo 4 zuwa 4 da rabi yana da dama-dama, abin da ya wuce haka ka tuna da zafin Afrilu a Garwa. Ka duba faɗin wuya ma, na Jazz milimita 38 ne a sama, na Precision ya fi faɗi, Ibanez SR kuwa siriri ne sosai kuma mai 5 ɗinsa tsirkiyoyin a matse suke, milimita 16.5 tsakani, masu gudu da mediyato, ɗan faifan robar da ake bugun tsirkiya da shi, suna son haka, masu manyan yatsu kan ji takura. Hannunka ne alƙali.

Sai yanzu ka jona. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, ƙarar ƙasa-ƙasa yawanci ƙura ce, ana wankewa. Girgiza kebur a bakin rami, in yana yankewa aikin mai gyaran rediyo ne da dalma, ba tsada. Taɓa kan kowane mikoro da ƙarfe a hankali ka ji yana amsawa. In akwai batir buɗe gidansa ka duba ko wani ya taɓa zubewa a ciki, tsatsa fara-fara ce alamar.

6. In daga nesa zai zo

Ba kowa ne zai iya zuwa Duwala don bas ba. In kana da ɗan uwa a can, ko a unguwar Briketeri ta Yawunde, ko wani amintacce da ya san kiɗa, shi zai zama hannunka: ya kira ka ta bidiyo ya yi duk abin da ke mataki na 5 kana kallo, ya nuna maka lambar da ke bayan kai. Kada ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo ga wanda hoto kawai ya nuna maka a Facebook, ko da ya rantse da kabarin kakansa.

Wajen aikowa a ɗan sassauta tsirkiya, a cire batir, a cusa tsumma a kewaye kai da wuya, a sa a kwali ko da akwai jaka. In da hali ya hau jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere a hannun mutum. Daga nan ne aikin yake, in an ɗora shi saman mota ƙarƙashin buhunan kaya aka ja igiya, a gangaren falez, dutsen da ake saukowa bayan Ngaundere, wuyan zai gaya maka. A biya masa wuri a ciki. In ya iso kada ka hau murɗa shi a ranar, Duwala jiƙe take mu nan a bushe muke, ka bar shi a jakarsa a ɗaki kwana biyu uku, kuma ka sa ran sake saita wuyan bayan 'yan makonni.

7. Tsirkiya da saiti

Rabin sautin metal a sabuwar tsirkiya yake. Masu murɗi a fili na bakin ƙarfe su suka fi kaifi da ƙara, na nikel sun ɗan fi laushi a yatsa da a kunne. Sa sababbi tukuna sannan ka yi saiti, a jere: lanƙwasar wuya, sai tsayin tsirkiya a jaki, wajen milimita 2 zuwa 2 da rabi a firet na 12, sai daidaita murya, wato sautin firet na 12 ya zo daidai da na tsirkiya a sake, in ya yi sama ka ja jakin baya, in ya yi ƙasa ka matso da shi gaba. In ka juya jerin sai ka sake komai daga farko. 'Yar ƙarar ƙarfe a kan firet a metal ba aibi ba ce, ita ke sa a ji ka a cikin hayaniya, kada ka ɗaga tsirkiya sama don gudunta.

Gumi da ƙura ne ke kashe tsirkiya a nan. Goge ta da tsumma duk ka gama. In ta dushe kuma aljihu ya yi shiru, tafasa ta minti goma ka busar da ita sarai, za ta ɗan farfaɗo, amma sau ɗaya ko biyu ne.

8. Ampili da feda

A taƙaice, don wannan maganar wata rana ce. Kada ka jona bas a ampilin gita ka buɗe murya, lasifikar za ta yage. In distoshon kake so nemi feda, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa, ta bas mai maɓallin gauraya, ta bar ƙasan a tsabtace ta ƙazantar da sama kawai, fedar gita cinye ƙasan take ka koma kamar sauro. SansAmp da Darkglass su ne sunayen da za ka yi ta ji, Behringer BDI21 kuwa ta marasa ƙarfi ce kuma tana aiki. Zoom B1 Four tana cin batir ƙanana 4 ko USB, ranar da aka ɗauke wuta ka sa abin kunne ka ci gaba da atisaye.

Wutarmu 220 ce. In wani ya kawo maka ampili daga Amurka karanta abin da aka rubuta a bayansa kafin ka cusa a soket, in 120 kaɗai ka gani sai da taransifoma. In kuma da janareta kuke atisaye ku sa regilato mai daidaita wuta a tsakani, ku kunna janareta ya daidaita tukuna sannan ampili, wajen kashewa ampili ne farko.